Yaya Okbun, Boram Ta Durƙusa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya yi wa Tak Okbun rasuwa a nan birnin Jinju, tana da shekara sittin da shida. A kan keken ɗinkinta ta kife, cikin rumfarta ta gyaran tufafi da ke layin 'yan barguna a kasuwa. Ni na fara ganinta, domin labule kaɗai ya raba rumfarta da tawa tun muna da sauran baƙin gashi. Na ji keken ya yi shiru, na yi mata magana ba ta amsa ba, na ɗaga labulen da niyyar tsokana. Kafin motar asibiti ta ratso cunkoson kasuwa rai ya yi halinsa. Ta bar 'ya ɗaya, Pyo Boram, mai shekara talatin da huɗu. Ta kuma bar ni, Jeomsun mai barguna, wadda ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma na yi ta kiranta Yaya har mutanen kasuwa suka manta da haka.

Yaya, matan cocinmu sun ce in rubuta wani abu a kanki don a karanta a taron addu'a. Tun da suka faɗa na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki alƙalami, in ajiye, in fita in gyara bargunan da ba su karkace ba, in dawo in tarar da takarda fara fat. Ba rashin abin faɗa ke damuna ba. Akwai amanar da kika ba ni, kuma dole in gaya miki yadda aka yi da ita, ko da za ki harare ni daga inda kike. Kin sha ce mini, muna cin abincin rana a kan kwali: "Jeomsun, ranar da na mutu kada ki tsaya kuka. Ki tsare mini ƙugun hagun yarinyar nan." Nakan ce ki rufe mana baki, ai ni zan riga ki, tunda na fi ki hawan jini. Ashe kin san abin da kike faɗa.

Wanda bai san Boram ba ba zai gane wannan magana ba, don haka bari in koma baya. Lafiya lau aka haife ta, in ban da manyan yatsun ƙafarta da suka zo gajeru a lanƙwashe, har muka yi ta dariya muna cewa na ubanta ta ɗauko. Tana 'yar shekara huɗu wani kumburi mai zafi ya fito mata a bayan wuya, ya daɗe kafin ya sace, ya bar wurin da tauri. Sai wani ya fito a kafaɗa. An sha yawon asibitoci har Seoul kafin a dace da likitan da ya gane ciwon. Ya ce ko a cikin mutum miliyan ba lalle a samu ɗaya ba: naman jikinta ne yake rikiɗa ya zama ƙashi. Duk inda ta bugu, ko aka soka mata allura a tsoka, ko aka yanka, wurin zai kumbura, ƙashi ya tsiro, gaɓar ta kulle, kuma wadda ta kulle ba ta sake buɗewa. Wuya ya fara tafiya, sai baya, sai kafaɗu, sai ƙugun dama tana budurwa. Abin da ya rage mata shi ne yatsun hannu, da gwiwoyi, da ƙugun hagu. Da wannan ƙugu ɗaya take takawa da sanda, da shi take ɗosanawa a kan doguwar kujerarta ta yi aikinta na amsa wayar masu neman motar ɗaukar naƙasassu. In ya kulle, sai yadda aka ajiye ta.

Aikin rayuwarki guda ɗaya ne, Yaya: kada Boram ta faɗi. Ɗinki ma don a ci abinci ne kawai. Kin fitar da ɗan gajeren teburin da kowa yake zama a ƙasa ya ci abinci a kansa, kika sa aka yi muku dogo, gidanku ya koma cin abinci a tsaye. Marigayi baban Boram ya yi ta ƙunƙuni, wai ya wuni yana tuƙa motar kaya ya dawo gida an mai da shi ɗan tasha, amma ban taɓa ganin ya zauna 'yarsa tana tsaye ba. Babu kusurwar tebur ko ta ƙofa a gidan da ba ki naɗe da ragowar audugar bargunana ba. Kina kwasa ba ko sallama, ni kuma ina yin kamar ban gani ba. Lokacin sanyi kikan riga masu shara fita, ki kankare ƙanƙarar lungunku har bakin titi. In kuna tafe kuwa, kina bayanta, hannunki a miƙe dab da gadon bayanta ba ya taɓa ta, domin ta tsani a riƙe ta. Haka kuka yi ta tafiya daga firamare har ta gama karatu, har 'yan kasuwa suka saba suna janye kwandunansu tun daga nesa.

Labarin da matan kasuwa suka fi so shi ne na gaisuwar sabuwar shekara, kuma ke da kanki kika ba mu shi kina dariya kina share hawaye. Boram tana 'yar shekara bakwai, kun je gidan surukarki. Jikoki suka yi layi suna faɗuwa gaisuwa gaban kakarsu, goshi har ƙasa. Da aka zo kan Boram ta tsaya ƙiƙam, wuyan ya riga ya ƙi. Tsohuwa ba ta yarda da zancen likitoci ba, a wurinta taurin kai ne da shagwaɓa, sai ta miƙa hannu za ta danna ƙeyar yarinyar. Kika cafke wuyan hannun surukarki a gaban kowa, abin da ba a taɓa gani ba a gidan. Da kika ga ɗaki ya yi tsit, sai kika ce a yi haƙuri, za ki yi mata. Kika durƙusa sau ɗaya, taki, kika miƙe, kika sake durƙusawa, ta Boram. Cikin rikicewa kin manta da abin da kowane yaro ya sani, cewa mai rai sau ɗaya ake faɗi masa, sau biyu kuwa sai ga mamaci.

"Maman Boram, mutuwa na yi ban sani ba?" in ji tsohuwa. "To ina turaren? Kawo shinkafar ma ki kafa cokali a kai yadda ake yi wa mamata, a gama da ni gaba ɗaya."

Kin ce ji kika yi kamar ƙasa ta tsage ki shige. Amma maimakon kuka sai kika juya kika fita, kika sa takalmi, kika je har bakin ƙofar gida, kika dawo, kika cire takalmi, kika shigo kika ce da ƙaramar murya, "Kaka, Boram ce ta zo gaisuwa." Sannan kika faɗi sau ɗaya. Tsohuwa ta daɗe tana kallonki, daga baya ta zaro kuɗin sabuwar shekara ta danƙa wa yarinyar. Daga ranar abin ya zama al'adarki. Malaman makaranta, da limamin coci, da maƙwabta, da direban bas, kowa ya san ki da gaisuwa biyu da ɗan ja da baya a tsakaninsu. Mukan tsokane ki in kin rusuna mana da safe mu ce yau ke ce ko Boram, ke kuma ki ce mu jira, tana tafe.

Ba zan mai da ke waliyyiya ba, don ba za ki gane kanki ba. Kina da mita, kina da tsoro, kuma tsoron nan ya sha shaƙe yarinyar. Ko sau ɗaya ba ki bi mu yawon kallon furanni da matan kasuwa suke yi da bazara ba, kullum sai ki ce baɗi. Lokacin da Boram ta ce za ta nemi aiki, kun yi faɗan da aka ji har layin 'yan kifi. Ta ce miki ba ta zo duniya don a adana ta kamar tangaran ba, kika ce tangaran ai ya fi ta jin magana. Kun yi kwanaki ba kwa ga maciji da juna. Amma ranar da za ta fara, ke kika je wurin kafinta da igiyar awo aka yi mata kujerar nan daidai tsayin ƙugunta, ke kika ɗauko kujerar a ka har gida. Kayan da take sawa duk ɗinkinki ne, masu buɗewa ta gefe da manyan maɓallai, don kada a ɗaga mata hannu. Da labari ya bazu, iyayen yara masu irin wannan lalura suka riƙa kiranki daga garuruwa masu nisa. Kikan saƙale waya a kafaɗa kina ɗinki kina ba su baki, kina yi musu faɗa in sun yi kuka da yawa, sannan ki aika musu da riguna.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

A zauren makoki na asibiti, tun kafin a gama jera furanni gaban hotonki, Baffan Boram, yayan babanta, ya ce ɗansa Sangcheol ne zai tsaya karɓar gaisuwa. Hujjarsa ita ce namiji ne, kuma duk wanda ya zo ya faɗi wa mamaciya sau biyu zai juyo ya faɗi wa mai karɓar gaisuwa, shi ma dole ya mayar, to ta yaya Boram za ta mayar? Ba mugunta ta sa shi ba. Kin san ban taɓa yarda da dattijon nan ko a kan yanayin gari ba, amma ranar nan a zuciyata ina bayansa. Boram ta juyo da jikinta gaba ɗaya, yadda take yi in za ta kalli mutum, ta ce, "Baffa, uwar wa ta mutu?" Nan ya janye maganarsa. Abin da na iya ƙwatowa shi ne, ita za ta tsaya a matsayin mai makoki, Sangcheol yana gefenta yana mayar da gaisuwa, ita kuwa ko gwiwa ba za ta lanƙwasa ba. Ta ce to, amma ba ta dube ni ba da ta faɗa.

An yi mutane, Yaya, da kin gani da kin ce wa zai wanke kwanonin nan. Layinmu kaf aka rufe rumfuna. Matan coci suka yi ta rera addu'o'in mamata suna karɓa-karɓa, miyar nama mai yaji ta ƙare aka sake ɗorawa. Wasu mata da ban taɓa gani ba suka zo da 'ya'yansu, na gane su tun daga ƙofa saboda maɓallan gefe. Boram tana tsaye cikin baƙaƙen kaya, ta dogara da sanda, dattawa sa'o'in kakanta suna zubewa a gabanta, ita tana miƙe, fuskarta tana ja. Na ji wani baƙon tsoho da bai san ta ba yana cewa 'ya'yan zamani ko a mutuwar uwarsu ba sa sunkuyar da kai. Ita ma ta ji. Ni kuwa ina bayanta, hannuna a miƙe yadda na ga kina yi, in wani ya matso da tire in tare, in yaro ya rugo in tare, ko ruwa na kasa zama in sha. Har sai da ta ce mini, ba tare da ta juyo ba, numfashina yana damunta, in je in ci abinci.

Da safiyar rana ta uku, kafin a fita da akwatinki, aka kira dangi su yi gaisuwar ƙarshe. Na ga ta matsa gaban hoton, na ga yadda ta gyara riƙon sandar, na gane durƙusawa za ta yi. Na sha gabanta na ce mata kada ta soma, uwarta ba ta buƙata, kuma amana aka bar mini.

"Na sani, Inna, ai a gabana take faɗa miki," in ji ta. "Amma duk garin nan babu wanda ba a durƙusa masa da sunana ba, har direban bas. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa samu ba."

Na ce ta tuna abin da za ta rasa. Ta ce ta fi ni sani, ƙugun nata ne.

Na ce to ta yi wa Allah ta jira in ɗauko bargo in shimfiɗa, a raina ina so in ja lokaci har masu ɗaukar akwati su shigo. Ina juya baya na ji ƙarar sanda tana gogar daɓe. Ta tura ƙafar dama baya, ta bi sandar ta sauka a kan gwiwar hagu a hankali a hankali, amma saura kamar taƙi ɗaya sandar ta zame, ta tafi ta gefen hagu. Ƙarar ba ta da yawa. Har yanzu ina jin ta a kunnena in ina ninke barguna. Goshinta bai kai ƙasa ba, wuyan ba zai bari ba, kuncinta ne ya taɓa. Ni da Sangcheol muka ɗago ta a miƙe kamar ƙyaure, gumi yana zubo mata. Na ce mata shi ke nan, ta yi, Allah ya yi mata albarka, mu je ta zauna.

"Ɗaya na yi, Inna," in ji ta. "Ɗaya ta masu rai ce."

Sai Baffa ya cire kwat ɗinsa, ya ninke ta, ya shimfiɗa a gabanta, ya koma gefe. Ni kuwa, Yaya, da hannuwan nan biyu da kika danƙa wa amana na riƙe ta ta ƙarƙashin hamata, Sangcheol ya tallafo ta ta ɗaya gefen, muka saukar da ita karo na biyu. Ba wanda ya tilasta ni. Na dubi hotonki ne na ga da gaske kin tafi, kuma in na bar ta a kan ɗaya, to na bar ta ke nan tana jiran ki ɗago ki amsa. Ta daɗe a ƙasa. Ban ji abin da ta gaya miki ba, kuma ban tambaya ba.

Tun a cikin motar rakiyar gawa ta fara shan maganin da kike ajiye mata a jaka saboda irin wannan rana, muka kuma kira likitanta. Kullum kafin in buɗe rumfa sai na biya gidanku na ɗora bayan hannuna a kan ƙugun, yadda kike yi. Amma hannuna bai san abin da naki ya sani ba. In taɓa in ji ɗumi, in taɓa nawa in ji ɗumi, in rasa wanne ne na ciwo. Kwanakin farko babu komai, har na fara cewa mun tsira, na sayi kifi muka ci. Ranar Asabar da ta wuce kuwa ban buƙaci gwaninta ba. Wurin ya yi zafi, ya tasa kamar dunƙulen hannu. Likita ya ce sai jira: yana iya sacewa ya bar mata ɗan motsi, yana iya tafiya da shi duka.

Na zaci za ta kwanta ta huta, har na gyara gado. Sai ta ce in jawo mata kujerar aikinta gaban tebur. Ta ce masu irin ciwonta sun gaya mata gaɓa takan kulle ne a yadda ta sami mutum. "In dai kullewa zai yi, ya same ni a zaune, hannuna yana kaiwa ga waya." A kan kujerar take wuni yanzu, zafi yana cinta, tana amsa wa mutane da ladabi, tana tambayarsu inda mota za ta same su. Ni kuma ina zagaye gidan, in buɗe firji in rufe, in share inda na riga na share. Wani lokaci haushinta ya kama ni har in ji kamar in girgiza ta, wani lokaci in tsaya a bakin ƙofa ina kallonta ina alfahari kamar ni na haife ta. Ban san ko na yi daidai ba, Yaya. Na auna abin ta kowace fuska bai zauna mini ba, kuma na san ko gobe aka sake, hannuwan nan za su sake riƙe ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Boram, wadda ta rasa uwa da garkuwa a rana ɗaya. Ina yi wa Baffanta da Sangcheol da dukan dangin Pyo da na Tak, da matan cocinmu, da 'yan layin barguna, da iyayen nan na nesa da za su ɗauki waya su tuna babu mai amsawa. Allah ya ba mu haƙuri da juriyar wannan rashi.

Ya Ubangiji, ka jiƙan baiwarka Tak Okbun, ka gafarta mata kurakuranta, ka haskaka makwancinta. Ta gaji, ka ba ta wurin da za ta zauna ta miƙe ƙafa ba tare da fargaba ba. Ke kuma Yaya, faɗan da za ki yi mini ki ajiye shi, ina nan tafe zan karɓa. In an ba ki bakin magana a can, kada ki ɓata shi a kaina. Ki roƙa mana a bar wa yarinyar nan ƙugunta.